Ƙofar da Na Fasa a Gidan Sabi'u

Tunda na dawo daga Kamaru ban sha shayi cikin natsuwa ba. Da na zauna a benci sai wani ya matso: "Malam Lawal, wai da gaske ka ga dutsen da ke aman wuta?" Wani ya ce ya ji ƙanina ya zama attajiri a can, wani ya ce a'a, cewa aka yi wutar ta cinye shi. Mutanen da ko Kano ba su taɓa kwana ba su ne suka fi kowa sanin abin da ya faru. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kada kowa ya nemi daɗin rubutu a wurina. A aji biyu na sakandare aka cire ni aka miƙa mini fartanya, aka ce ni ne babba.

Ƙanina Sabi'u shi ne autan Inna. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gonar da ke hanyar Dutsi, ya sayar da rabonsa ya shiga fataucin albasa zuwa Kamaru. Daga baya ya zo ya ɗauki matarsa Hajara, suka zauna can. Shekara tara ke nan, 'ya'ya uku, Inna ba ta ga ko ɗaya da idonta ba. Ni ne ke kai ta asibiti, ni ke gyara mata ɗaki kowace damina, amma in ya aiko da atamfa ɗaya sai an yi mako ana sa masa albarka.

Wani mai fataucin shanu daga Mashi ne ya kawo maganar. Ya zo gaishe da Inna, bakinsa bai iya riƙe komai, ya ce mata ai Sabi'u ya gina gida a gindin wani dutse mai hayaƙi, ƙasar wurin ma takan motsa. Daga ranar Inna ta daina cin tuwo. Ta kira ni ta ce, "Babba, ka je ka taho mini da autana da jikokina." Ba ta tambayi wanda zai kula da dawata ba. Na yanke gero, na ɗaure, na bar dawa a tsaye, na tashi. Ta haɗa mini ƙullin kuka, da daddawa, da kilishi, da yaji, ta ce na Hajara ne.

Daga Daura zuwa Kano babu labari. A Kano na shiga doguwar bas mai zuwa Ikom, garin da ke dab da iyakar Kamaru, muka yi kwana da yini ƙafafuna a kan buhun wani. Tun daga wajen Makurdi na ga abin da ya fara ɓata mini rai: mu damina ta ɗauke, su ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya.

A gadar kan iyaka na fara shan kunya. Mu a nan in za ka shiga Nijar sai ka hau babur, ka ɗaga wa ma'aikata hannu, ka tambaye su iyali, ka wuce. Haka na zata. Wani ma'aikaci ya karɓi takardata ya duba, ya ce ina katin allura. Na naɗe hannun riga na nuna masa tabon lambar da aka yi mini ina yaro. Ya kira abokan aikinsa su zo su gani, suka yi ta dariya. Aka mai da ni Ikom, na kwana a masallacin Hausawa tare da 'yan goro, da safe aka tsira mini allura aka ba ni kati mai ruwan ɗorawa. Kwana guda ya tafi a banza.

Da na dawo gadar sai jandarma ya kwance kayana. Ya buɗe ƙullin daddawa ya kai hanci, ya ja baya ya riƙe bindiga kamar na zo da gawa. Na ce masa miya ce. Bai yarda ba sai da na gutsura na ci a gabansa.

A Ekok, garin farko na ƙasarsu, yunwa ta kai ni wurin wata mai gasa ayaba. Tun a kasuwar Mai'aduwa na canza kuɗina zuwa sefa, ina ganin na yi wayo. Na miƙa mata, ta juya takardar ta mayar mini. Ashe sefar Nijar daban, ta Kamaru daban. Babu wanda ya taɓa faɗa mini. Wani Bazazzage mai canji ya cece ni, yana yi yana cewa, "Duk Badauri haka yake zuwa, Malam, kada ka damu."

Hanyar Mamfe kuwa ba hanya ba ce, kwatami ne mai tsawo. Ƙaramar mota, mu takwas, direba ya raba kujerarsa da wani. A saman motar aka ɗaure alade mai rai, daidai kan jakata. Na yi magana, mai aladen ya ce shi ma ya biya. Duk inda mota ta kafe mu fita mu tura. A wani wuri laka ta haɗiye mini takalmi ɗaya, na tona har gwiwar hannu ban same shi ba. Na shiga Kumba da takalmi ɗaya da farar riga da ta koma ja. A unguwar Hausawa aka ba ni masauki, aka kawo mini sakwarar gwaza da wata miya mai manja kamar an zuba mata fenti. Na ci don babu yadda zan yi. Cikina ya kwana biyu yana ƙorafi.

Daga Kumba na wuce Buea, daga can wata mota ta gangara da ni ƙauyen da Sabi'u yake, tsakanin dutsen da teku. Duk hanyar ina leƙe ta taga ina neman dutsen, ban ga komai ba sai hazo. Na ce a raina mutumin Mashi maƙaryaci ne. Sai safiya ta uku, ina alwala, gajimare ya yaye. Na ɗaga kai, na ƙara ɗagawa. Buta ta faɗi daga hannuna. Ku bar tunanin duwatsun nan namu da akuya ke hawa. Wannan ya tare rabin sama, kuma a jikinsa muke zaune kamar kaska a jikin bijimi.

Amma abin da ya fi cin raina ƙasar ce. Baƙa wuluk, mai laushi, in ka danƙa sai ta manne. Shekara talatin ina jidar taki a kan jaki ina zubawa a yashi. Su kuwa in mutum ya jefar da ɓawon abu sai ya tsiro.

Gidajen mutanen na katako ne, babu katanga, ƙofofi a buɗe. Kana wucewa kana ganin abin da ke tukunyarsu. Mata ke zuwa gona da kwando a baya, maza da hantsi sun zauna da kwalaben giya. Mu a lokacin an rufe gidajen giya a garinmu, shari'a ta zo, to sai abin ya yi mini wani iri. Gidan Sabi'u kuwa ba sai an nuna maka ba. Shi kaɗai ne a saman ƙauyen, katangar bulo ta fi mutum tsawo, an jera fasassun kwalabe a kanta, zaure ɗaya, ƙofar ƙarfe ɗaya tana kallon dutse. Ya ɗauko gidan Daura ɗungum ya dasa a can.

Ya yi ƙiba, ya ajiye gemu, yana da babur. Ya yi murnar ganina, ba zan yi masa ƙarya ba. Hajara ta durƙusa daga bakin ƙofar ɗaki ta gaishe ni, ta karɓi ƙullin Inna tana share hawaye. Tsakanina da ita gaisuwa ce kawai tun da aka kawo ta, matar ƙane ce, akwai kunya.

Bayan mun ci abinci na ce, "Inna ta ce ka tattara ka dawo."

Ya yi dariya. "In dawo in yi me, Yaya? In zo mu raba yashinka?"

"Ta ji labarin dutsen nan."

"Shekara tara ina ƙasar nan, ko kazata bai ci ba. Mutuwa ai ko a Daura ana yi."

Na haɗiye maganar yashin, amma ban manta da ita ba.

Washegari na ga abin da ya tayar mini da hankali. Zai tafi kasuwa, ya fito da babur, ya ce in fito in zan zaga gari. Na fito. Sai ya ja ƙofar ƙarfen ya danna kwado daga waje, ya jefa makulli a aljihu.

Na ce, "Kai, da mutane a ciki fa."

Ya ce, "Haka nake yi kullum. Nan ba gida ba ne, Yaya. Ka ga yadda suke. Ku can kun samu shari'a, ni nan in ban tsare iyalina ba wa zai tsare mini?"

Mahaifinmu ya yi wa Inna kulle shekara da shekaru, amma ban taɓa ganin kwado a ƙofarmu da rana ba. Na bar shi ya tafi, don gidansa ne.

Da yake ba ni da wurin zuwa sai na saba da maƙwabcinsa na ƙasa, wani tsoho siriri. A can kowane dattijo Mola ake ce masa, to ni ma Mola na riƙa kiransa. Ya yi zama da mahauta a Kumba, yana jin Hausa irin ta kasuwa. Shi ya zaga da ni.

Ya kai ni wani kwari mai faɗi da ya gangaro daga dutsen ya wuce ta bayan katangar Sabi'u. Kore shar, gwaza da ayaba, amma babu gida ko ɗaya. A garinmu fili irin wannan da tuni an yanka shi gunduwa-gunduwa, an kai juna kotu.

Na ce, "Na wane ne?"

"Na gari ne. Kowa zai iya shuka abin da zai ci. Amma ba a gini, ba a zuba siminti, ba a binne mutum."

"Don me?"

Ya sa sanda ya tone ƙasar kaɗan. A ƙarƙashi wani baƙin dutse ne mai ƙuraje kamar kashin maƙera. Ya ce, "Zamanin kakana wuta ta bi ta nan. Ba harshen wuta ba, dutse ne ya narke yana tafiya kamar kunu. In ta sake zuwa ta wannan gefen, nan za ta fara nema."

Wannan ban buƙaci bayani ba. Mu ma ba ma gini a tsohon kwazazzabo, ko ya shekara goma bai ga ruwa ba.

Na ce, "To yaya aka yi ƙanina ya gina a bakinsa?"

Ya ce wani saurayin garin ne ya sayar masa ba da sanin dattawa ba. Sun je sun same shi tun yana haƙa tushe, suka ce za su ba shi wani fili a ƙasa. Sabi'u ya ce baƙin ciki suke yi masa don ya samu wuri mai kyau da araha.

Na san ƙanina. Haka zai ce.

Mola ya nuna mini wata hanyar ƙafa mai faɗi da ta ratsa ƙauyen ta gangara har filin makaranta, inda ƙasa ta yi tudu nesa da kwarin. Ya ce duk wata suna fitowa su share ta, kamar yadda muke gayya, kuma ko rumfa ba a yarda a kafa a kanta ba. A tsakiyar gari an rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota a bishiya. In ƙasa ta motsa da ƙarfi, ko masu na'ura na gwamnati suka aiko da saƙo, sai a buga shi. Kowa ya ajiye abin da yake yi ya bi hanyar. Kowane gida akwai jaka a rataye kusa da ƙofa, da takardu da magani a ciki. A filin akwai wata mata da ke kiran gidaje ɗaya bayan ɗaya, ana amsawa. Wani lokaci ma haka kawai suke bugawa don gwaji.

Ya ce, "Gida ɗaya ne ba ya amsawa. Muna kira, Gidan Hausa, sai shiru."

Ban iya cin abinci ba ranar. Na sake yi wa Sabi'u magana da yamma. Ya ce tsoron mutuwa ne ya yi musu yawa don ba su da tawakkali. Na ce tawakkalin ne ya sa ka jera kwalabe a katanga? Ya tashi ya bar mini wurin.

Ranar Alhamis ce, da hantsi. Sabi'u ya tafi kasuwa ya danna kwadonsa. Ina zaune a gaban gidan Mola yana fere sanda. Sai na ji kamar babbar mota ta taho ta ƙarƙashin benci. Karnuka suka ɗauki haushi. Kofin da ke kan tebur ya yi tafiya da kansa ya faɗo. Na miƙe, ƙasa ta ƙi tsayawa a ƙarƙashin ƙafata. Ni da ban taɓa sanin ƙasa na motsi ba, sai na ji bakina yana salati ba da izinina ba. Ta tsaya. Ta sake, wannan karon ya fi ƙarfi, kwanon rufi yana ƙara. Sai ƙarfen nan ya ɗauka, kwam, kwam, kwam.

Abin mamaki, babu mai ihu. Mata suka fito da goyo da jaka, aka ɗauko wata tsohuwa a baro, kowa ya kama hanyar gangare. Ni kaɗai na juya na nufi sama da gudu.

Na sami ƙofar da kwadonta. Daga ciki ina jin kukan yara. Na daki ƙarfen na ce, "Hajara! Kuna lafiya?"

Ta ce, "Yaya, bango ya tsage. Ƙasa tana zubowa a ɗakin yara."

Na ja kwadon, na buga masa dutse, ko gezau. Mai tsada ya saya. Na ɗaga kai na dubi dutsen, hazo ya rufe shi, ba ka sanin abin da ke tahowa daga ciki. Wannan rashin ganin ya fi komai tsoro. Na ce ta ɗora turmi ta miƙo yaran ta kan katanga. Ta ce kwalabe za su yanka su.

Na juya sai ga Mola yana hawowa yana haki, da babbar guduma a kafaɗa, matarsa na biye da wani ƙarfen haƙa rami. Tsoho ne da ya kamata a ce yana filin makaranta. Ya ce, "Kada ka ɓata lokaci a ƙofa. Bangon gefen gangare, wanda ke kallon hanya."

Muka zaga. Na karɓi gudumar. Wallahi duk haushin da na tara shekara talatin a kan bulon nan na sauke shi. Ƙasa ta sake girgiza ina cikin duka, ban tsaya ba. Bulo ya faɗa, na biyu ya bi, muka buɗe rami daidai shigar mutum a sunkuye. Hajara ta turo babbar, Sadiya, sannan namijin, sannan ta miƙo jaririyar, matar Mola ta karɓe.

Na ce, "To fito."

Ba ta motsa ba.

"Hajara, fito mana!"

Ta ce, "Yaya, ku tafi da su. Maigidan bai ba ni izini ba."

Na leƙa. Tana durƙushe da hijabinta, ƙura ta rufe mata fuska, ƙafarta ɗaya na jini. Tsakaninta da waje taku ɗaya. Shekara huɗu da gina gidan nan, ba ta taɓa taka hanyar da ke bayan katangarta ba.

Ni ba malami ba ne, izu biyar na yi. Amma na san Allah bai ce mutum ya zauna gini ya danne shi ba. Sai dai na ga ba wa'azi take buƙata ba. Na ce, "Dube ni. Ni ne wan mijinki, ni ne a madadin ubansa. Na ba ki izini. In akwai zunubi a wuyana yake, in akwai faɗa ni za a yi da shi. Fito."

Ta fito. Matar Mola ta kama hannunta, ba sa jin yaren juna, suka gangara tare.

A filin makaranta mutane sun cika, matar nan tana tsaye a kan tebur tana kiran gidaje. Da ta zo kan namu ta kira kamar mai sauke nauyi, har ta buɗe baki za ta wuce. Na ɗaga hannu na ce, "Ga mu!" Duk filin ya juyo. Wasu mata suka yi guɗa irin tasu. Hajara ta ja hijabi ta rufe fuska.

Muka zauna har bayan azahar. Ƙasa ta ɗan motsa sau biyu, ta yi shiru. Wuta ba ta fito ba. Ga amsar masu tambayata a wurin shayi: ban ga aman wuta ba, kuma ban so in gani.

Muna nan sai ga Sabi'u ya gangaro ta hanyar da ƙafa, babu babur, babu hula. A kasuwa ya ji girgizar, ya taho, ya buɗe kwado ya tarar da gida babu kowa, ga jini a tsakar gida. Ni na riga ganinsa. Fuskarsa ta yi fari kamar toka, yana ture mutane yana duba yara ɗaya-ɗaya. Da ya hango Sadiya sai ya tsaya, ya dafa wata bishiya. Sannan ya miƙe ya taho kaina.

"Wa ya fasa mini katanga?"

"Ni ne."

"Ka fito mini da mata tsakiyar maza, don 'yar girgizar da ba ta kashe ko ƙadangare ba? Haka Inna ta aiko ka?"

Na ce, "Daga kasuwa zuwa nan, minti nawa ka yi?"

"Ina ruwanka?"

"Na ce nawa ka yi?"

Ya ce, "Ya fi awa. Hanya ta cushe."

"To makullin yana ina duk awar nan?"

Ya ce dama tun muna yara ina jin haushinsa. Na ce gaskiya ne, ina ji, har gobe ma ina ji, amma ba da haushi aka tsaga bangon ɗakin 'ya'yanka ba, je ka duba. Muka ɗaga murya har mutanen suka zagaye mu suna kallo, ba su san me muke cewa ba. Sai Hajara ta yi magana daga cikin hijabi, a hankali, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Malam, duk ranar da suka buga ƙarfen nan ina ji. Nakan tara yaran a tsakar gida in yi musu addu'a, mu jira. Ban taɓa faɗa maka ba."

Sabi'u ya dube ta. Ya ɗauki jaririyar daga hannun matar Mola, ya juya ya kama hanyar gida. Muka bi shi.

Kwana biyu bai yi mini magana ba. Ya sayo bulo ya jibge a bakin ramin. Ni kuma na je na samo kafinta ta hannun Mola, ya auna ramin da na fasa, ya kawo ƙofar katako. Bulo na nan a gefe, ƙofa na nan a gefe, muna wuce juna. Rana ta uku na kira kafintan ya fara kafawa. Sabi'u na zaune a zaure yana ji. Bai hana ba, bai kuma taya ba. Na sa aka yi mata sakata babba.

Ranar da zan taho na ce masa ba zan ɗaga jaka ba sai ya yi abu ɗaya. Na kira Hajara ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki. Na ce, "Faɗa mata da bakinka, ina ji. Ni ba kullum nake nan ba."

Ya yi ta murza gemu. Can ya ce, yana kallon ƙasa, "In kin ji ƙarfe, ki kwashi yara ki fita. Ko ina nan ko ba na nan. Na ba ki izini."

Na ce, "Ko na gwaji ne."

Ya harare ni. "Ko na gwaji ne."

Maganar dawowa gida kuwa ya ce in manta. Maganar filin da dattawa suka ce za su ba shi a ƙasa, ya ce zai duba. Na san irin dubawar Sabi'u. Gidan yana nan a bakin kwarin, bulon da ya saya ma yana nan a jibge, ban ga ya mayar ba. Ya kai ni tasha a babur, ya saya mini takalmi, muka rabu babu wanda ya nemi gafarar wani.

Dawowa ba ta da labari, sai laka da ciwon baya. Na tarar tsuntsaye sun yi rabon dawata.

Na shiga wurin Inna kafin in ajiye jaka. Ta leƙa bayana, ta ga babu kowa.

"Ina suke?"

"Ya ƙi, Inna."

"Dutsen fa? Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

Ta ce, "To duk tafiyar nan me ka yi?"

Na ce, "Na fasa masa katanga." Na ba ta labarin tun daga kwado har ƙofa, ban rage komai ba. Na zata za ta ce na ci mutuncin autanta. Ta ci gaba da jan carbinta.

Can ta ce, "Ita ƙofar, ta ina ake buɗe ta?"

Na ce, "Ta ciki."

"Hannun Hajara yana kaiwa?"

"Har Sadiya tana kaiwa. Na gwada ta."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ka sa a kawo mini tuwo."